ALBASHIN MAMACI

Shafi na 17

Ku da kuka hana wayata hutawa tun jiya wai na bar Zoraida a kan hanya, to ga ta nan ta iso. Ke kuma da kika ce in ta tona wa tsohuwa asiri kin daina karanta ni, ki karanta tukuna, hukunci ya biyo baya.

*

Mai keken ya ƙi haye gadar katako.

"Nan ce iyakata, 'yar'uwa. Ko ninka min kuɗin za ki yi."

"Haba Eleuterio, da rana tsaka? Me zai kama ka?"

"Ke dai sauka. Matata ta gan shi ranar Laraba da sassafe, a cikin hazo, da malafarsa da bargonsa. Ba ta sake fitowa wanki nan ba."

Zoraida ta biya shi ta sauka. Kafin ta gyara jakarta ya juya keken ya yi gaba, ko canji bai tsaya ƙirgawa ba.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka ɗora ta a kan teburin albashi na hukumar ruwan noma ta Pampa Honda, bayan tsohon akawun ya yi ritaya. A kwana na uku ta ci karo da sunan a layi na talatin da biyu: Hipólito Santisteban, mai buɗe ƙofar ruwa ta sama. Albashinsa na fita duk wata, sol dubu da ɗari biyu a kuɗin ƙasar, bai taɓa yin fashi ba.

Ita kuwa tana tsaye a bakin kabarinsa ranar da aka rufe shi, shekara huɗu da suka wuce.

Ranar Litinin masu bincike za su iso daga birni. Yau Juma'a.

Gidan matarsa na can bayan gonakin shinkafa, shi kaɗai a gindin tudu, magudanar ruwa na wucewa ta gefensa. Babu kare, babu kaza. Ƙofar a buɗe take.

"Akwai mutane? Doña Eufemia?"

"Shigo, 'yar Casimiro. Na ji takunki tun daga gada. Tafiyar ubanki kika ɗauko, kamar mai bin bashi."

Tsohuwar na zaune a kujerar katako kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo duk da zafin da ake yi. Ta rame fiye da yadda Zoraida ta santa. Kyandir ɗaya na ci a gaban hoton mijin. A kan tebur an jera faranti biyu, kofi biyu.

"Kina jiran baƙo ne, Iya?"

"Zauna. Akwai chicha, abin shanmu na masara, a tulu, ki zuba da kanki."

Zoraida ta zauna ba ta taɓa tulun ba. Ta ciro takardar daga jaka, ta shimfiɗa a gwiwarta.

"Iya, ban zo da faɗa ba. Tambaya na zo yi."

"Duk mai faɗa haka yake farawa."

"Sunan Don Hipólito yana cikin takardar albashi har yau."

"Na sani."

"Kuma ana sa hannu a littafin ƙofar ruwa kullum. Da sunansa. Da irin rubutunsa."

"Shi ma na sani."

"Wa yake sa hannun?"

Doña Eufemia ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙo hannayenta biyu, ta buɗe tafukan a cikin hasken taga.

Zoraida ba ta taɓa ganin hannun mace haka ba. Fatar ta yi kanta, ta tsage, baƙin man inji ya zauna a cikin tsagar har ya zama kamar jijiya.

"Kin ga amsarki."

"Ke ce?"

"Shekara talatin da ɗaya ina kai masa karin kumallo can sama. Kina tsammanin ban san yadda ake murɗa ƙarfen nan ba? Juyi goma sha huɗu a lokacin shuka, tara in shinkafa ta fara kai. Ina saka bargonsa, in kifa malafarsa, in hau kafin rana ta fito. Wanda ya hango ni ya ruga a guje. Hakan ya fi min. Fatalwa ba a yi mata tambaya."

Hankalin Zoraida ya ɗan kwanta. Kwana takwas ba ta yi barcin kirki ba saboda sa hannun nan. Ashe mace ce mai jini da tsoka, mai ciwon baya.

"Amma Iya, me ya sa? Da kin zo ofis..."

"Na zo. Ke kika karɓi takardar mutuwarsa. Kin manta? Kika buga mata hatimi, kika ce min Allah ya ba ni haƙuri."

"Ban manta ba."

"Kika shiga da ita wurin Don Fulgencio."

Don Fulgencio shi ne manajan hukumar, shi ne kuma ya ɗauki Zoraida aiki tana da shekara ashirin da biyu. Ranar bikinta shi ya biya masu kiɗa.

"Washegari ya zo nan," in ji tsohuwar. "Ya zauna inda kike zaune. Ya ce saura wata takwas Hipólito ya cika shekarun fansho, don haka ba ni da ko sisi. Ya ce gidan nan na hukuma ne, sabon mai buɗe ruwa zai shigo da iyalinsa. Ya ba ni sati biyu. Da ya ga na gama kuka sai ya ce, amma akwai hanya."

"Wace hanya?"

"In dai ruwa na zuwa gonaki, babu wanda zai tambayi hannun da ya buɗe. In rufe bakina, in koyi rubutun mijina, shi kuma zai riƙa kawo min ambulan duk ƙarshen wata."

"Ya ɓoye takardar ke nan."

"Ke za ki faɗa min. Ni dai na san na yi aikin. Ranar da aka yi ambaliya, ni na rufe ƙofar nan ruwa na kai min ƙugu. Ko gona ɗaya ba ta nutse ba. Kuka yi wa Don Fulgencio tafi a taron manoma."

Zoraida ta sunkuyar da kai.

"Iya, na yarda kin yi aiki. Amma doka ba za ta kalli hannunki ba, takarda za ta kalla. Sol dubu da ɗari biyu na fita da sunan mutumin da ya mutu. In na yi shiru, na zama ɗaya daga ciki."

"Nawa kika ce?"

"Dubu da ɗari biyu."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ga idonta ba.

"Janyo min akwatin nan na ƙarƙashin gado."

Akwatin gwangwani ne na biskit. Ambulan ne cike a ciki, an ɗaure su da zare, duk an cire kuɗin. A bayan kowanne an rubuta wata da adadi da fensir.

Ɗari shida.

Ɗari shida.

Ɗari shida.

Zoraida ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe.

"Rabi yake ba ki."

"Ban san rabi ba ne sai bara, da tsohon akawunku ya bugu a bikin waliyyin gari, ya zo ya durƙusa min a bakin coci yana neman gafara. Shi ya faɗa min yadda ake rabon. Ɗari shida nawa. Ɗari uku na Don Fulgencio."

"Saura ɗari uku."

"Saura ɗari uku," Doña Eufemia ta maimaita. Ba ta ɗauke ido daga kanta ba.

Ruwan da ke gudu a waje ne kawai ake ji.

Sai Zoraida ta tuna. Wata guda bayan jana'izar nan albashinta ya ƙaru. Babu takarda, babu ƙarin girma, babu wanda ya ce mata komai. Ta ɗauka kuskure ne. Sau biyu ta je har ƙofar akawun za ta yi magana, sau biyu ta juyo, saboda a watan ne likita ya ce ciwon sukarin mahaifiyarta ya taɓa ƙoda. Ta ce wa kanta in sun gano za ta mayar. Ba su gano ba. Ta daina duba takardar albashinta, sai dai ta ƙirga kuɗin ta wuce kantin magani.

Sol ɗari uku. Wata arba'in da takwas.

"Ban sani ba," ta faɗa da ƙyar. "Na rantse da Allah ban san daga nan suke fitowa ba."

"Na yarda. Amma kin san ba naki ba ne."

Zoraida ta mayar da ambulan ɗin cikin akwati.

"Kin sani ko ba ki sani ba, 'yar Casimiro?"

"Na sani."

"To. Ke kaɗai ce kika ga takardar mutuwar da idonki. Don Fulgencio ya saya wa bakinki murfi, ke ko ciniki ba ki yi ba. Kuma kina tsammanin don iyawarki ya ɗora ki a teburin albashi ana saura sati biyu masu bincike su zo? Ya san ba za ki iya nuna shi da yatsa ba sai sauran yatsun sun nuna ki."

Hawaye suka zubo wa Zoraida. Ba ta share ba.

"Me ya sa ba ki zo kin faɗa min ba, tun bara?"

"In ce miki me? Ki daina saya wa uwarki magani? Tare muka yi makaranta da ita, Baltazara. Ina ganinki ta wuce da ledar magani sai in ce, to, ko ba komai gumina yana raya wani." Ta gyara bargon. "Amma yau kin zo min da takarda a gwiwa kina min maganar doka. Shi ya sa na ce bari mu yi lissafin duka. A cikinmu mu uku, wa ya ci kuɗin da bai yi wa aiki ba?"

Zoraida ta ninke takardar. Ta sake buɗewa. Ta sake ninkewa.

In ta yi shiru ranar Litinin, kowa ya tsira: tsohuwa da gidanta, mahaifiyarta da maganinta, Don Fulgencio da motarsa. In ta yi magana, ita ce farkon wadda za a kora, a ce ta mayar da fiye da dubu goma sha huɗu, ita da ko akuya ba ta ajiye ba. Tsohuwar kuma za a ce ta yi rubutun ƙarya a littafin hukuma.

"Zan rubuta," ta ce.

"Me za ki rubuta?"

"Duka. Da sunana zan fara, kafin nasa. Ba zan iya sake miƙa wa mahaifiyata ƙwayar magani ina ganin tafin hannunki ba."

"Za su fitar da ni daga gidan nan."

"Ba za su fitar da ke a matsayin ɓarauniya ba. Zan kai musu littafin sa hannu da waɗannan ambulan. Zan ce shekara huɗu mace ta yi aikin namiji an biya ta rabi. Manoma ɗari biyu sun ci shinkafa da ruwan da kika buɗe. Su tsaya su ce ba ki cancanta ba, in gani."

Doña Eufemia ta kalle ta, kallo mai tsawo. A karon farko fuskarta ta yi laushi.

"Ubanki ma haka yake. Shi ya sa ya mutu babu takalmin kirki." Ta ja numfashi. "Rubuta. Na gaji da zama matar fatalwa. Sai dai kafin ki taɓa littafin nan, akwai abin da ban faɗa miki ba."

"Akwai saura?"

"Zo ki ɗaga bargon nan."

Zoraida ta matso, ta ɗaga.

Ƙafar hagu ta karkace daga ƙugu, ta kumbura ta yi shuɗi, an ɗaure ta da sanduna biyu da tsumma. Ta dama ta shanye kamar kara. Warin man zafi da na ciwo ya bugi hancinta.

"Iya! Yaushe wannan ya faru?"

"Ran sha biyu ga watan Mayu. Santsi ya kwashe ni a kan matakalar ƙofar ruwa. Da rarrafe na dawo gida. Tun ranar ban taka ƙasa ba. 'Yar ƙanwata Herminia ce ke zuwa ta gyara ni, ta ajiye min abinci."

Zoraida ta saki bargon a hankali.

Watan Agusta ake ciki.

"Amma ruwa bai tsaya ba," ta ce. "Ko kwana ɗaya. Da ya tsaya da manoma sun cika mana ofis."

"Bai tsaya ba."

"Matar Eleuterio ta ce ta ga mutum ranar Laraba."

"Ba ita kaɗai ba."

"To Herminia ce."

"Herminia ko gadar nan ba ta hayewa sai rana ta take. Kuma ba ta iya rubuta sunan kanta ba, balle na wani."

"Don Fulgencio ya sa wani ke nan."

"Ni ma haka na zata. Ya zo a watan Yuni da ambulan, ya gan ni a haka, ya tambaye ni wa na sa. Na ce ai kai zan tambaya. Ya ce bari ya kwana a motarsa ya kama ko wane ne. Da safe ya hau. Ina zaune a nan na ga saukowarsa ta taga. Babu hula, takalmi ɗaya. Bai shigo ya yi min sallama ba. Tun daga ranar a gada yake ba Herminia ambulan."

Zoraida ta tuna yadda manajan ya canza a watannin nan. Ya daina zama shi kaɗai a ofis. Ya rataya gicciye a ƙofarsa, mutumin da ko coci ba ya zuwa.

"Ƙarfen ai da kwaɗo ake kulle shi," ta ce. "Wa kika ba makulli?"

Tsohuwar ta zura hannu cikin rigarta ta ciro igiya. Makulli ɗaya na lilo a jiki.

"Ko wanka ba na cire shi."

"Babu wani?"

"Biyu hukuma ta bayar. Ɗayan yana aljihun wandon da na saka masa. Da hannuna na saka. Na ce mutumin da ya yi shekara talatin da makulli a aljihu ba zai ji daɗin kwanciya babu shi ba."

Zoraida ta dubi faranti biyun da ke kan tebur. Yanzu ta lura ɗayan akwai ɓurɓushin shinkafa a ciki, an ajiye cokali a kife a gefe.

"Iya, wa ya ci a wannan?"

"Ni dai ina sa Herminia ta zuba."

Zoraida ta kau da ido daga farantin. Ta miƙe.

"Zan hau in ɗauko littafin."

"Bari sai gobe, ki zo da namiji."

"In na sauka yau ba zan dawo ba. Na san kaina. Sau biyu na taɓa juyawa a bakin ƙofa."

Doña Eufemia ta cire igiyar daga wuyanta ta miƙa mata.

"In kin ji ana fito, kada ki amsa."

Hanyar ta bi gefen magudanar ta yi sama, tsakanin itatuwan ƙaya. Matakala saba'in da wani abu ce ta siminti, duk gansakuka. Rana na tsakiyar kai, amma tana hawa iska na ƙara sanyi. Tsuntsayen da ke kuka a gonaki ta bar su a ƙasa. A nan babu ko ɗaya.

Ɗakin mai gadin ƙofar ɗan ƙarami ne, rufin kwano. Ƙarfen murɗawar na tsaye a gabansa kamar babban sitiyari. Kwaɗon a buɗe yake, yana rataye. Ta kai yatsa ta taɓa ƙarfen.

Sabon mai. Ko ƙura bai ɗauka ba.

Ta shiga ɗakin. Littafin na kan tebur a buɗe. Ta juya shafukan baya. Ta gane rubutun tsohuwar, mai 'yar rawa, mai taka-tsantsan irin na mai kwaikwayo. Ya zo har sha biyu ga Mayu.

Daga sha uku ga wata rubutun ya canza. Ya miƙe, ya yi kauri, alƙalamin na huda takarda. Irinsa ne a tsoffin fayilolin ofis, na shekarun da mai sunan ke raye.

Na yau yana nan. Ƙarfe biyar da rabi na safe. Juyi tara.

Ta rufe littafin ta rungume shi a ƙirji. Ta ce wa kanta ta juya kawai, ta fita, ta sauka, kada ta yi gudu saboda santsi.

Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya ragu.

Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Wani ya yi gyaran murya a bayanta, a hankali, irin na dattijon da ba ya son ya firgita yaro.

"Zorita."

Tun tana shekara tara babu wanda ya sake kiranta haka. Muryar Don Hipólito ce.

"Ajiye littafin, 'yata. Ban gama aikin yau ba."